Tsohon Hatimin Kamfanin Inuwa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, shayin ba gudu zai yi ba. Tun da muka fito daga Masallacin Huaisheng nake jin ku kuna shawara, wai in kun gama karatu sana'ata za ku kama, tunda ai danna-danna ne kawai, a cika fom a waya a karɓi lada. Har da mai cewa ya fi ni iya Sinanci. Ban musa ba, ya fi ni. Nawa Sinancin na kasuwa ne da na bin layi a ofis. Amma ku zauna ku ji, in na gama sai mai so ya zo ranar Litinin.

Sunana Isuhu, haihuwar Fagge, sai dai a garin nan Mai-takardu ake ce mini. Aikina shi ne takardun kamfanonin mutanenmu: rajista, rahoton haraji na wata-wata, sauya adireshi, sauya suna. Kayan aikina duk suna cikin baƙar jakar nan da kuke yi wa dariya. Akwai fayil mai zif, kowane kamfani da nasa. Akwai baƙin alƙalami guda uku, don in ka cika takarda da shuɗin biro sai a miƙo maka ita a ce ka sake. Akwai ɗan makullin kwamfuta da ake shiga shafin haraji da shi, da gwangwanin jar tawada, da wata 'yar shimfiɗar roba da ake ɗora takarda a kai kafin a buga hatimi. Robar nan ta girmi zaman wasunku a ƙasar nan.

Hatimi shi ne komai. A gida mutum ya sa hannu an gama. Nan kuwa ko da zinare ka sa hannu, in babu jan hatimin kamfani a ƙasan takarda, ba ka ce komai ba. Akwai ƙanana, amma babban shi ne bakin kamfani, sunansa a sassaƙe da rubutunsu da na boko.

A wurin wata tsohuwar akanta na koyi aikin, Madam Wong, wadda har yau a ƙarƙashin ofishinta nake. Watan farko ba ta bar ni na taɓa takardar kowa ba. Tsofaffin jaridu ta tara mini da wani mataccen hatimi, ta ce in yi ta bugawa har sai ya fito cif, ba gefen da ya dushe, ba gefen da ya malala. Ni da digirina! Na yi fushi har na gaji, na ci gaba da bugawa. Wata rana aka kawo sabon hatimin wani kamfani, na ja farar takarda na gwada shi a kai. Ban ga tasowarta ba, sai jin rula na yi a bayan hannu. Ta ɗauki takardar ta yayyaga ta ƙanana-ƙanana, sannan ta ce, "Farar takarda mai hatimi, duk wanda ya tsinta zai rubuta abin da ya ga dama a sama, kamfani kuma ya yarda ke nan. Kada ka sake, ko ubanka ne ya roƙe ka." Ban sake ba.

Shekarar annoba ita ce muguwar shekararmu. Mutanenmu sun maƙale a gida, kasuwar Shahe shiru kamar an share, amma rahoton wata bai san annoba ba. Ko allura kamfani bai sayar ba sai ya shiga ya ce bai sayar ba. Durowata cike da hatiman mutanen da ban san ko za su dawo ba, ina ta shigar musu da rahoto ina cin garau-garau safe da yamma. Da aka buɗe hanya kuma kowa ya dawo a guje, kowa yana son a yi masa aiki jiya. A lokacin ne irin su Bala Shaf-shaf suka fito, magidanci ne da iyali, ba jaka ba fayil, waya biyu kawai da daɗin baki. Ya kwashe mini mutane da dama, cikinsu har da Alhaji Ɗanlami.

Alhaji Ɗanlami ɗan Kantin Kwari ne, yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya daga Shahe ya tura ta jirgin sama daga filin jirgin Baiyun. Kamfaninsa Inuwa, sunan marigayi mahaifinsu, ni na yi masa rajista da hannuna. Shekara goma sha huɗu da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ga 'ya mace, aka sa mata Rahama. Murna ta ɗebe shi ya ce kamfani ma Rahama zai koma. Bala ya karɓo masa sabon lasisi, aka sassaƙa sabon hatimi, aka buga sababbin buhuna. Ranar wata Juma'a a ƙofar masallacin nan ya raba dabino da alawa, ya sanar da jama'a, aka shafa fatiha. Ni ma na ci dabinon. A wurinsa an raɗa suna an gama, kamar yadda ake yi wa jariri: liman ya faɗa, jama'a sun ji, wa kuma ya rage?

Bayan wata huɗu sai ga shi a ofis da hantsi, hula a karkace. Ko zama bai yi ba.

"Malam Isuhu, na shiga uku. Izinin zamana saura kwana goma sha biyu. Na je sabuntawa sun ce in kawo takardar shaidar haraji. Na je ofishin haraji sun ce ba su san Rahama ba."

"Ina Shaf-shaf ɗin naka?"

"Ya ce ba komai, kwamfutarsu ce."

"To Alhaji, zauna. Kwamfutar ce za ta bar ƙasar ko kai?"

Na sa makulli na shiga shafinsa, abin da na gani ya ɓata mini rai ƙwarai. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ofishin lasisi ya aika wa ofishin haraji sabon suna, gaskiya ne, amma sai mai kamfani ya je ya tabbatar kafin a sauya littafi. Ba wanda ya je. Gurbin rahoto a shafin ya kulle, Bala ya kasa shigar da komai, ya ja bakinsa ya yi shiru, wata uku ba rahoto. Ga sunan Inuwa nan a allo da jan layi a gefensa, alamar kamfanin da ya yi sakaci. Ku riƙe wannan, don ko gida kuka koma haka abin yake a ofishin harajin tarayya: wanda ya ba ka sabon suna daban, wanda yake karɓar haraji daban, banki kuma daban, kowanne sai ka je ka gaishe shi a ɗakinsa.

Da rana muka tafi ofishin haraji, na ciri lamba muka jira. Matar da ke taga ta duba ta ce "meyo", wato babu. Kalmar nan ita ce ta farko da za ku koya a aikin nan, kuma wanda ya juya da jin ta bai fara ba. Na tambaye ta me zai sa a samu. Ta lissafa mini: a cike rahoton da ya wuce, a cire tarar jinkiri daga asusun kamfani na banki, sannan ta goge jan layi ta sauya suna lokaci guda. Amma ba za a cire komai daga asusun ba sai sunan da ke banki ya dace da na lasisi. Banki kuma na san halinsu, ba za su sauya suna ba sai an buga musu tsohon hatimi, sun gwada shi da samfurin da suka ajiye tun ranar buɗe asusu.

Muna fitowa na ce, "Alhaji, gobe ka zo da tsohon hatimi."

Ya tsaya cak a kan matakala. "Yana Kano."

"Yana ina?"

Ashe mai sassaƙa hatimi ya ce masa ya riƙe tsohon ya gama da banki, sannan ya dawo da shi a yanka. Shi kalmar yankan kawai ya ji. Sunan mahaifinsa a ƙarƙashin zarto? Ina! Sai ya sa shi cikin kaya ya aika wa yayansa, Alhaji Sabi'u, ya ajiye a gida. Na so in yi masa faɗa, sai na ga in da ni ne, kuma ban san aikin ba, da abin da zan yi ke nan. Basinne ba zai taɓa yin wannan kuskuren ba. Sai mu.

Washegari Bala ya biyo Alhaji har ofis da dabara. Wai a je wurin 'yan sanda a ce hatimin ya ɓata, a buga cigiya a jarida, banki zai haƙura. Alhaji ya dube ni da alamar ya ji daɗin shawarar.

Na ce, "Ya ɓata?"

"Ai Malam, magana ce kawai ta takarda," in ji Bala.

"Ni takarda ita ce sana'ata. Hatimi yana cikin durowa a Kano, mun san durowar, mun san mai makullinta. Ba zan rubuta ƙarya in kai wa hukuma ba. Kuma ko ka ajiye tsoron Allah a gefe, cigiyar taka kafin ta fito a karɓe ta, Alhaji yana Kwari yana shan kunu. Tashi ka ba ni kujerata."

Ya fita yana gunguni. Na ce wa Alhaji ya kira yayansa. Ya sunkuyar da kai ya ce tun ranar sauya sunan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Ya kira sau biyu a gabana, da ya ambaci hatimi sai aka kashe waya. Kwana biyu suka tafi a haka, saura tara, cikinsu akwai Asabar da Lahadi da sashen kamfanoni na banki ba ya aiki. Na ce ya ba ni lambar.

Bayan la'asar na kira, lokacin can hantsi ne, ya buɗe shago. Muka gaisa sosai, na tambayi iyali da kasuwa, na faɗi ko ni wane ne da unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Malam, kai ba ka yi mini laifi ba. Yaron nan ya cire sunan ubanmu ya sa na jaririyar da ba ta yi arba'in ba, bai shawarce ni ba. Ban ce uffan ba. Ya aiko mini da hatimi, na ce to, da sauran kunya a idonsa. Yanzu kuma in mayar a yanka? Da jarin tsohon nan aka buɗe kamfanin. Ya dawo gida mana, Kwari ba ta cika ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ce maka ba za a yanka ba, za a yanka, doka ce. Ban kuma kira don in wanke ƙaninka ba, ya yi gaggawa, na faɗa masa. Abu ɗaya nake so ka sani. Yanzu haka ina kallon littafin harajin ƙasar nan. Sunan da aka ja wa jan layi, aka rubuta shi cikin masu sakaci da haƙƙin hukuma, ba Rahama ba ne. Rahama ba su san ta ba. Inuwa ne. In Ɗanlami ya bar ƙasar nan a haka, za a rufe kamfanin da wannan sunan da wannan layin, kuma ba mai gogewa. In hatimi ya zo, sunan Malam zai fita daga littafinsu fes, kamar yadda ya shiga."

Ina jin hayaniyar 'yan dako a bayansa. Can ya ce, "Malam Inuwa bai taɓa kwana da haƙƙin kowa ba." Ya kashe.

Ban san me hakan ke nufi ba, shi ma Alhaji Ɗanlami bai sani ba. Ban zauna jira ba dai. Na cike rahoton wata ukun na ajiye, na cika fom ɗin banki da baƙin alƙalami na bar gurbin hatimi, na je na roƙi manajan reshen ya sa mu a farkon layi ranar Litinin. Madam Wong ta leƙo ta ga fom ba hatimi, ta ce, "Kana gina rufi kafin bango." Na ce bangon yana hanya. Gaskiya tsoro nake ji, amma ban nuna wa Alhaji ba.

Ranar Lahadi da safe waya ta shigo, wata Hajiya Talatu, mai sarin kayan yara, ta sauka a Baiyun da saƙo daga Kwari. Na hau jirgin ƙasa na je na same ta zaune a kan akwatinta tana fifita da fasfo. Ta zuge jakar hannu ta fito da wani ɗan ƙulli a farin hankici.

"Wannan ɗan abin ne ya hana gida biyu sakat? Ni na zaci zinare ne, ko banɗaki da shi nake shiga. Hankicin na marigayin ne, ka kula da shi. Kuma Alhaji Sabi'u ya ce in faɗa maka da baki: in za a yanka, a yanka a gaban ƙaninsa, kada ya kau da kai."

Hatimin ya bushe ƙamas, tsohuwar tawada ta toshe ƙananan haruffan. Da tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi na wanke shi a hankali, na shanya, na yi ta gwadawa a jarida har ya fito cif. Ranar Litinin a banki na shimfiɗa robata a kan kanta, na ɗora fom, na taɓa tawada sau uku, na danna da tafin hannu biyu, na ƙirga uku, na ɗaga a miƙe. Ma'aikaciyar ta ɗauko samfurin da suka ajiye, ta naɗe fom ɗinmu ta kusurwa ta ɗora rabin namu a kan rabin nasu, ta kai ido kusa. Alhaji yana bayana yana jan carbi har ina jin ƙarar ƙwayoyin. Da'irar ta haɗu. Ta gyaɗa kai. Watan nan da na yi ina buga jarida ina zagin Madam a zuci, ranar na san amfaninsa.

Kwana uku banki ya ɗauka. Ranar Alhamis da ƙarfe tara muna gaban matar nan mai "meyo". Aka ƙulla asusun mai sabon suna da shafin haraji, aka cire tarar, ta juyo mana da allon. Jan layin ya tafi tukuna, sunan Inuwa ya tsaya shi kaɗai tsaf na ɗan lokaci, sannan ta danna ya koma Rahama. Ta buga takardar shaida ta miƙo. Daga nan ko abinci ba mu tsaya ci ba sai ofishin shige da fice. Suka karɓi takardunsa suka ba shi rasit, ana saura kwana biyu.

Saura yankan. Ranar Juma'a kafin masallaci muka je shagon mai sassaƙa, wani tsoho mai tabarau a wani lungu. Alhaji ya kwance hankicin ya ajiye hatimin a kan tebur. Ya ce a hankali, "Malam Isuhu, ko sau ɗaya ka buga mini shi a farar takarda, in ajiye."

Na ce, "Wannan kam a'a, Alhaji. Ko ubana ne ya roƙe ni."

Bai yi musu ba. Na dubi hankicin a kan tebur, fari, ya sha wanki har ya yi laushi. Ba wanda zai rubuta yarjejeniya a kan hankici, kuma Madam takarda ta hana ni. Na fito da robata na shimfiɗa shi a kai, na ja kusurwoyinsa ya miƙe, na taɓa tawada sau uku. Sai na fasa, na miƙa wa Alhaji hatimin.

"Hannu biyu. Ka danna, ka ƙirga uku, ka ɗaga a miƙe."

Ya fito cif, Inuwa, ja a kan fari. Tsohon ya ɗauki hatimin ya ɗaure shi a maƙalar ƙarfe, ya ɗauko ɗan zarto. Ya dubi Alhaji ya ce, "Loban?" wato maigida, in yi? Alhaji ya ce bismillah. Ina gefensa ina kallon fuskarsa, don an ba ni amana. Hawaye na zuba har gemu, amma bai kau da kai ba, bai ko ƙifta ba sai da hatimin ya rabu biyu.

Da Hajiya Talatu za ta koma, ita ta tafi da hankicin. Na ce ta faɗa wa Alhaji Sabi'u an cika sharaɗinsa, ni shaida ne. Bara da na je gida na bi ta Kwari na gaishe shi. Hankicin yana cikin gilashi a bango, saman inda yake zama. A kan dilar atamfa kuma ga wata 'yar yarinya da aka kawo hutu tana ɓata masa shago da biskit, yana ta cewa, "Rahama, sauko kada ki faɗi, uwata."

Tun daga kan Alhaji Ɗanlami, duk wanda ya zo mini da zancen sauya suna, kafin in ce masa Allah ya sanya alheri sai ya ajiye tsohon hatimi a durowata na kulle. Shayinku ya huce. Mai son aikin ya same ni Litinin da ƙarfe takwas, ya bar digirinsa a ɗaki, ya taho da tsofaffin jaridu.